Tambaya da Amsa: An Riƙe Mini Kuɗin Aikin Gini a Amurka, Ko Zan Iya Kama Gidan?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai aikin tayil ne a jihar Kalifoniya ta Amurka, ina da lasisina, ina kuma da yara biyu da suke aiki a ƙarƙashina. Wani babban ɗan kwangila ya ba ni aikin shimfiɗa tayil a banɗakuna uku da kicin na wani gida da ake sabuntawa, muka yi yarjejeniya a rubuce a kan dala 26,000, ya ba ni dala 8,000 kafin alƙalami, na kammala nawa aikin kusan wata biyu da suka wuce. Tun daga lokacin nake bin sauran dala 18,000, kullum sai ya ce mai gidan bai biya shi ba, shi kuwa mai gidan da na tare shi ya ce ya biya kuɗin tayil tuntuni, kada in ƙara zuwa masa. Wani abokin aiki ya ce akwai takardar da ake shigarwa a kan gidan har a kai ga sayar da shi a biya ni. Shin gaskiya ne, alhali ba mai gidan ne ya ɗauke ni aiki ba?
Mai karatu daga Kalifoniya

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokin aikinka bai yi maka ƙarya ba. Dokar kowace jiha a Amurka ta tanadi abin da can suke kira makaniks lin, wanda a wannan fili za mu kira jinginar magina: duk wanda ya zuba guminsa ko kayansa a cikin gini aka hana shi haƙƙinsa yana da ikon rubuta bashinsa a kan kadarar kanta a ofishin rajistar filaye na gunduma, ta yadda gidan zai zama jinginar kuɗinsa ko mai gidan ya so ko bai so ba. Rashin yarjejeniya tsakaninka da mai gidan ba ya hana komai, domin hujjar dokar ita ce tayil ɗinka yana manne a gidansa, ya kuma ƙara wa gidan daraja. Tsarin tsoho ne. Jihar Meriland ce ta fara kafa shi a 1791, lokacin da ake son jawo magina su gina birnin Washintan, kuma Thomas Jefferson da James Madison suna cikin waɗanda suka nemi a yi hakan. A Kalifoniya kuwa har cikin tsarin mulkin jihar aka rubuta wannan haƙƙi.

Sai dai akwai wata takarda da ba ka ambata ba a wasiƙarka, kuma a kanta maganar gaba ɗaya ta rataya. Dokar Kalifoniya ta ce wanda ba shi da yarjejeniya kai tsaye da mai gida, kamar kai, dole ne ya aika da sanarwar farko ga mai gidan da babban ɗan kwangila da bankin da ya ba da rancen ginin idan akwai shi, cikin kwana 20 daga ranar da ya fara aiki ko ya fara sauke kaya. Takarda ce mai sauƙi da ke cewa ga ni, ga aikin da nake yi a gidanka, ga wanda ya ɗauke ni, ga ƙiyasin kuɗina, ana kuma aika ta hannu da hannu ko ta gidan waya mai rajista don a sami shaidar isarta. Wanda ya makara yana iya aikawa daga baya, amma sanarwar tasa ba za ta kare komai ba sai aikin da ya yi a cikin kwana 20 kafin aikawar da wanda zai yi nan gaba. Tun da ka ce ka ɗauke kayan aikinka wata biyu da suka wuce, idan ba ka aika da ita ba a lokacin, to bakin alƙalami ya bushe a kan jinginar, kuma gara ka ji haka daga gare ni yanzu da ka ji shi daga bakin alƙali bayan ka biya lauya. Leburan da ke bin albashinsa ne doka ta ɗauke wa wannan sharaɗi, shi kuwa ɗan kwangila ƙarami mai lasisi ba ta ɗauke masa ba.

Idan kuwa ka aika, to ka ajiye wannan mujalla ka duba kalanda, domin wa'adi na biyu yana tafiya. Kana da kwana 90 daga kammala ginin ka shigar da jinginar, kuma kammalawar da ake nufi ta aikin gidan ce baki ɗaya, ba ta tayil ɗinka kaɗai ba, saboda haka idan har yanzu masu fenti ko kafintoci suna ciki, lokaci yana hannunka. Haɗarin yana wani wuri: mai gida yana da damar shigar da takardar shaidar kammala aiki a ofishin rajista, kuma da zarar ya yi haka wa'adinka ya koma kwana 30, na babban ɗan kwangila kuma kwana 60. Kada ka zauna jiran a sanar da kai, domin mutumin da yake zaune a cikin gidan nasa doka ba ta tilasta masa ya aiko maka da labari ba. Ka je ofishin rajistar gundumar da gidan yake, ko ka duba shafinsu na intanet, ka ga abin da aka shigar da sunan mai gidan. Aikin da aka dakatar na kwana 60 a jere ma doka tana lissafa shi a matsayin wanda ya kammala, abin da ke cin mutane da yawa da suke zaton ginin da aka yi watsi da shi ba shi da wa'adi.

Takardar jinginar tana ɗauke da adadin da kake bi bayan an cire abin da aka ba ka, da sunan mai gidan, da sunan wanda ya ɗauke ka aiki, da bayanin aikin a taƙaice, da adireshin da zai sa a gane kadarar ba tare da shakka ba, sannan ka sa hannu bisa rantsuwa cewa abin da ka rubuta gaskiya ne. Dole ne kuma a miƙa wa mai gidan kwafi, a haɗa da shaidar an miƙa, in ba haka ba jinginar ba ta da ƙarfi a gaban kotu. A wurin adadin kuɗin nake so ka riƙe zuciyarka. Mutumin da aka daɗe ana ja da shi yakan so ya ƙara kuɗin man motar da ya ƙona wajen sintiri, da kuɗin lauya, da ladan ɓacin rai, amma doka ba ta ba ka sama da kuɗin yarjejeniya ko ƙimar aikin da ka yi ba, duk wanda ya fi ƙanƙanta a cikinsu, kuma wanda ya saka aikin da bai yi ba da gangan yana iya rasa jinginar dungurungum. Dala 18,000 kake bi, ita za ka rubuta.

Daga ranar da aka shigar da takardar sai wa'adi na uku ya fara: kwana 90 ka shigar da ƙara a kotu don a tabbatar da jinginar, idan ba haka ba ta mutu da kanta, har mai gidan ya iya neman kotu ta goge ta ta kuma ɗora maka kuɗin lauyansa. Sayar da gida a gwanjo da abokinka ya ambata yana nan a doka, amma ba kasafai ake kaiwa can ba, kuma ba shi ne ainihin ƙarfin jinginar ba. Ƙarfinta shi ne tana zama tabo a takardun gidan. Mai gidan ba zai sayar cikin sauƙi ba, ba zai sabunta rancensa na banki ba, bankin da ke ba da kuɗin ginin kuma yakan tsayar da biya har sai an share ta. Mutumin da ya ce kada ka ƙara zuwa ƙofarsa shi ne zai fara kiran ɗan kwangilar da sassafe yana tambayar inda kuɗin tayil ya shiga, kuma idan da sauran kuɗi a hannunsa zai riƙe har sai an sallame ka. Yana iya kuma kawo takardar lamuni daga kamfanin inshora ta kashi 125 cikin ɗari na abin da kake bi, a cire jinginar daga kan gidan a mayar da ita kan lamunin, wannan kuwa ba asara ba ce gare ka, domin karɓar kuɗi daga kamfanin inshora ya fi sauƙi a kan jiran gwanjo. Abin da ya kamata ka auna kafin ka kashe kuɗin shari'a shi ne bashin da ke kan gidan tun asali: rancen bankin da aka yi wa rajista kafin a fara aikin yana gabanka a layi, kuma idan ya cinye darajar gidan, wanda ya ci nasara a kotu yana iya tashi hannu rabbana.

Akwai maganar da nake yawan maimaitawa a wannan fili, zan kuma sake ta. Abin da ya fi kashe wannan haƙƙi a hannun mutanenmu shi ne kunya da dogon haƙuri. Muna ganin aika wa mai gida takarda a makon farko tamkar zargi ne, muna ganin matsa wa wanda ya ba mu aiki rashin ɗa'a ne, sai mu karɓi alƙawarin Juma'a mai zuwa har sau takwas, alhali alƙawari ba ya tsayar da wa'adi ko da na kwana ɗaya. Ɗan kwangilar da ya daɗe a harkar ya san waɗannan ranaku sarai, wani ma da gangan yake jan ka da magana mai daɗi har su wuce. Manyan kamfanonin da ke sayar da siminti da katako suna aika sanarwar farko a kowane aiki, ga wanda suka yarda da shi da wanda ba su yarda da shi ba, babu kuma mai jin haushinsu, domin kowa ya san al'adar kasuwar ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk aikin da ka karɓa daga yau, ka aika da takardar a makon da ka fara, tun ana dariya da juna.

Ka kuma binciki takardun da ka sa wa hannu lokacin da aka ba ka dala 8,000 ɗin nan. A Kalifoniya akwai takardun yafe haƙƙin jingina iri huɗu da doka ta tsara lafazinsu: na biyan tsakiyar aiki da na biyan ƙarshe, kowanne da mai sharaɗi da marar sharaɗi. Mai sharaɗi ba ya aiki sai kuɗin ya shiga hannunka da gaske, marar sharaɗi kuwa yana aiki daga sa hannu ko da cakin ya dawo babu kuɗi a asusun. Kada ka taɓa sa hannu a marar sharaɗi kafin banki ya tabbatar maka kuɗi ya zauna.

Idan ya tabbata jinginar ta kuɓuce maka, bashin bai kuɓuce ba. Yarjejeniyar da ke hannunka a rubuce take, kuma dokar jihar ta ba ka shekara 4 ka kai ƙara a kanta. Uzurin da yake kawowa na cewa ba a biya shi ba ma ba ya tsayawa, domin tun 1997 kotun ƙolin Kalifoniya ta yanke cewa sharaɗin da ke cewa ba za a biya ƙaramin ɗan kwangila ba sai idan mai gini ya biya babba ba shi da inganci. Bayan haka, kowane ɗan kwangila mai lasisi a jihar yana ajiye lamunin dala 25,000 a ƙarƙashin hukumar ba da lasisi, kana iya kai kuka ga hukumar, lauyanka kuma ya duba ko za a taɓa lamunin. Kotun ƙananan bashi ba ta wuce dala 12,500 ga mutum ɗaya, saboda haka sai dai idan ka yarda ka yafe abin da ya haura. Ka gode wa Allah da kake da lasisi, domin a Kalifoniya wanda ya yi aikin da ke buƙatar lasisi ba tare da shi ba kotu ba ta karɓa masa ko sisi, har ma ana iya sa shi ya mayar da abin da aka riga aka biya shi. Ka tattara yarjejeniyar da rasitai da hotunan aikin da saƙonnin wayar da kuka yi, ka ga lauyan harkar gini a cikin makon nan.

Ga masu karatu da ke wasu jihohi, kada wanda ya ɗauki ranakun Kalifoniya ya yi aiki da su. A Niyok ba a neman sanarwar farko, wa'adin shigarwa kuma wata 8 ne daga aikin ƙarshe, ko wata 4 idan gidan iyali ɗaya ne. A Teksas ana lissafi da ranar 15 ga wata, kuma idan gidan da ma'aurata suke zaune ne, sai an yi yarjejeniya a rubuce kafin a fara aiki, miji da mata duk sun sa hannu.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni mai gida ce a Fulorida. Na ba wani kamfani kwangilar sauya rufin gidana, na biya rabin kuɗin, sai ga wasiƙa daga wani kamfanin sayar da kayan rufi da ban taɓa jin sunansa ba, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa za a iya sa ni in biya sau biyu. Hankalina ya tashi. Shin an riga an kama gidana ke nan?
Mai karatu daga Fulorida

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba a kama gidanki ba. Wannan ita ce sanarwa ga mai gida, wadda dokar Fulorida ta wajabta wa duk mai kawo kaya ko ƙaramin ɗan kwangila ya aika cikin kwana 45 da fara aiki, kuma zuwanta ba ya nufin ana bin kowa bashi. Amma gargaɗin da ke jikinta gaskiya ne: idan kika biya kamfanin rufin shi kuma bai biya mai kayan ba, mai kayan yana iya shigar da jingina a kan gidanki cikin kwana 90 daga ranar da ya kawo kaya na ƙarshe. Kariyar nan da tsarin mulkin Fulorida ya ba gidan da mutum yake zaune a ciki daga masu bin bashi ba ta rufe bashin da aka ci don gyaran gidan kansa.

Wasiƙar ta yi miki amfani, tun da yanzu kin san sunan wanda zai iya binki. Daga yau kada ki ƙara biyan ko dala ɗaya sai kamfanin rufin ya kawo miki takardar yafe jingina daga wannan mai kayan, wadda ta kai har ranar biyan. Idan kina da shakka, ki rubuta caki ɗaya da sunan kamfanonin biyu, ta yadda ba zai shiga asusu ba sai dukansu sun sa hannu. Biyan ƙarshe kuwa ki riƙe shi har sai ɗan kwangilar ya ba ki takardar rantsuwa da ke cewa ya biya kowa, ko ta lissafa waɗanda bai biya ba da abin da suke bi, domin doka ta ba ki wannan haƙƙi.

Idan duk da haka aka shigar da jingina, a Fulorida tana rayuwa shekara 1, amma kina iya shigar da takardar ƙalubalanta a ofishin magatakardan kotu, wadda ke rage wa mai jinginar lokaci zuwa kwana 60: ko ya kai ƙara ko jinginar ta faɗi. Wanda kuma ya kumbura adadi da gangan ya shiga babban laifi a dokar jihar, ba rasa jinginar kaɗai zai yi ba. A ganina dokar tana da nauyi a kan mai gida mai gaskiya, musamman idan aka kwatanta da Niyok, inda jinginar ƙaramin ɗan kwangila ba ta wuce abin da ya rage mai gida bai biya babban ba. Amma wanda ya bi matakan nan bi da bi da wuya ya biya sau biyu.

Tambaya: Malam, ni mai walda ne, na yi aiki a ginin gwamnatin tarayya a ƙarƙashin wani ƙaramin ɗan kwangila, bai biya ni ba. Zan iya shigar da irin wannan jingina?
Mai karatu daga Amurka

Amsa: A'a, ɗan'uwa, ba a jingine kadarar gwamnati. Abin da aka tanada a madadinta shi ne dokar Miller ta 1935, wadda ta wajabta wa babban ɗan kwangila a ayyukan ginin tarayya da suka haura dala 100,000 ya ajiye lamunin biyan ma'aikata da masu kawo kaya, kuma a kan wannan lamuni za ka nemi kuɗinka. Tun da ba babban ne ya ɗauke ka ba, dole ka aika masa da sanarwa a rubuce cikin kwana 90 daga ranar aikinka na ƙarshe, ka faɗi adadin da kake bi da sunan wanda ka yi wa aikin, sannan ƙara a kotun tarayya ba ta wuce shekara 1 daga wannan ranar. Ka tabbatar wanda ya ɗauke ka shi ne ke da yarjejeniya kai tsaye da babban ɗan kwangilar, domin idan akwai wani a tsakaninsu lamunin bai kai kanka ba, sai dai ka bi wanda ya ɗauke ka ta hanyar ƙarar bashi. Hukumar da ta ba da kwangilar za ta ba ka kwafin lamunin idan ka nema a rubuce tare da rantsuwar cewa ka yi aiki ba a biya ka ba, a jikinsa za ka ga sunan kamfanin inshorar da za ka tunkara. Idan ginin na jiha ne ko na gunduma, kamar makaranta ko ofishin 'yan kwana-kwana, jihohi suna da nasu dokokin masu kama da wannan, kowace da nata wa'adin.